Kafin Ka Hau Dutse, Wa Ya San Kana Can?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Masu sauraronmu na cikin garin Wudil da kewaye, na Gaya da Garko, na Warawa da Dawakin Kudu, da matafiyan da ke kan gada yanzu haka rediyon mota na kunne, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa.

Yau maganar hawan dutse za mu yi. Na san wani zai ce, to Malam, ina ruwan mutumin Wudil da tsauni? Gaskiyarsa. Mu mutanen kogi ne, ƙasarmu a shimfiɗe take kamar faifai. Yaro ɗan shekara goma a bakin kogin nan ya san inda ruwa ke da gurbi, ya san idan ruwa ya sauya launi to an sako shi daga Tiga ko Challawa, ya kuma san ba a yi wa mai fito gardama a tsakiyar ruwa. Wannan ilimi gado ne, da shi muka tashi. Ilimin dutse kuwa ba mu gaje shi ba, ga shi kuma mun fara hawa. Ɗaliban jami'armu da na sakandare ana kwasarsu yawon buɗe ido zuwa Jos. 'Ya'yanmu masu bautar ƙasa ana tura su Mambila. Matasa sun gano cewa hoto a ƙololuwar dutse yana jawo masu kallo a TikTok da Facebook. Sannan duk shekara iyayenmu alhazai, wasu da furfura fal, suna kama hanyar kogon Hira da silifas a ƙafa.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada ku ɗauka a takarda kawai na gani.

Ina aji uku na sakandare muka je hutu gidan kawunmu a bayan garin Dutse, ni da wani ɗan'uwana sa'ana. Duk wanda ya bi ta Gaya ya shiga Dutse ya san irin duwatsun da nake nufi, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su. Wata rana bayan la'asar, cikin marka, muka sulale ba mu gaya wa kowa ba. Hawan bai ba mu wuya ba, har tsere muka yi. Muka zauna a sama muna hango gonakin gero kore shar da itatuwan dabino, muna ihu dutse na amsa mana. Hadari ya haɗo daga gabas, muna ganinsa, muna cewa bari mu ɗan ƙara. Yayyafin da aka yi bai wuce na minti goma ba. Amma dutsen da muka taka a bushe yana kama tafin ƙafa, sai ya koma kamar an shafe shi da miyar karkashi. Wajen saukowa ɗan'uwana ya zame. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji ihunsa. Ya faɗa tsakanin duwatsu biyu, ƙafa ta juya, ni kuma ba ni da ƙarfin ciro shi, ina tsoron in bar shi in kasa gane wurin. Aka kira magariba muna ji daga nesa. A gida kuwa ana can ana nemanmu a tasha da kasuwa da gidajen abokai, babu wanda dutse ya faɗo masa a rai. Wani makiyayi da ke koro shanunsa gida ne ya jiyo kukana. Sai bayan isha'i aka sauko da shi a kan ƙyauren ƙofa, aka kwana wajen maɗori. Yau yana da jikoki, amma har yanzu yana ɗingishi.

Karayar ta warke yadda ta warke. Abin da ya kasa barin zuciyata shi ne awa huɗun nan da muka yi babu ɗan Adam ɗin da ya san inda muke. Duk abin da za ku ji na faɗa yau a kan takardar izini, daga nan na fahimce shi.

Neman izini kafin a tunkari dutse tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Barbushe, kafin zuwan Musulunci, wurin tsafin Tsumburbura da ke da alaƙa da Dala ba wurin da kowa ke kutsa kai ba ne, shi kaɗai ke shiga. Musulunci ya zo ya kawar da tsafin, alhamdu lillahi, yau yara ma hawa Dala suke su hango birni. Amma a ƙauyukan da ke gindin duwatsu har gobe baƙo mai hankali sai ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, a haɗa shi da maharbi ko wani ɗan gari da ya san kowane kogo. Mutanenmu na ɗaukar wannan a matsayin ladabi, kuma ladabin ne. Amma ku duba amfaninsa: an san ka hau, an san ta inda ka bi, in rana ta faɗi ba ka dawo ba an san inda za a nufa da tocila.

Abin da hukuma ta yi shi ne ta mayar da wannan gaisuwar ta zama takarda. Ku ɗauki tsauni mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, a jihar Taraba kan iyakarmu da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419 daga doron teku. Don ku kwatanta, ƙololuwar Dala mita 534 ce, kuma mafi yawan wannan tsawon na ƙasar Kano ɗin kanta ne, dutsen ɗan ƙari ya yi a kai. Gangirwal yana cikin gandun dajin ƙasa na Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ba a faɗa masa haka kawai. Sai ka je ofishin gandun a Serti, a rubuta sunanka, ka biya kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin gandun daji. Tafiyar ta kwanaki ce a ƙafa, ana ƙetare koguna da kwazazzabai, akwai ɓauna a dajin, akwai hazo mai sauka farat ɗaya ya rufe maka hanya har ka kasa ganin wanda ke gabanka. Da damina kogunan kan cika su datse hanya, shi ya sa da rani ake zuwa. Sunan Gangirwal kansa ana fassara shi da dutsen mutuwa, kuma waɗanda suka raɗa masa sunan a gindinsa suke zaune. Haka abin yake a Nijar. Duwatsun Bagzan na ƙasar Azbin, arewa da Agadas, sun kai mita 2,022, kuma ba mai nufarsu sai da Buzun da ya san hanya da inda rijiyoyi suke.

Na kan ji matasa suna ƙorafi wai kuɗin shiga cuta ne, dutsen Allah ne, me ya sa za a biya. Ƙanena, dutsen Allah ne, ba musu. Amma mutumin da zai bar iyalinsa ya shiga daji da dare nemanka in ka ɓata, albashi yake ci. Wanda ya zagaye ta bayan gida don gudun biyan kuɗin shiga, sunansa ba ya cikin littafi, kuma ba a neman wanda ba a san ya shiga ba.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hawan tsaunuka, izininsa da haɗarinsa.

Yanzu ga haɗarin da ba a gani da ido, wanda mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mu san shi ba sam. Iskar da muke shaƙa a nan ƙasa a cushe take. Kana yin sama tana siranta, har ya zama numfashi ɗaya ba ya kawo maka iskar oksijin da jini ke buƙata kamar yadda ya saba. Daga wajen mita 2,500 jikin mutane da yawa ke fara ƙorafi. A ƙololuwar Kilimanjaro ta Tanzaniya, tsauni mafi tsawo a Afirka, mai mita 5,895, abin da numfashi ke kawowa kusan rabin na bakin teku ne. A kan Everest kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin uku. Sanyi ma haka yake ƙaruwa: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Wanda ya taɓa kwana a Gembu ko Jos da hunturu ya ɗanɗani somin-taɓi.

Ciwon tsauni yana farawa kamar ba komai ba. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, abinci ya fita a rai, barci ya ƙi zuwa. Mutum sai ya ce gajiya ce, ya haɗiyi farasitamol ya ci gaba. In ya ci gaba da hawa a wannan hali, abu biyu ake tsoro. Ko dai ruwa ya taru a huhu, ya riƙa haki ko a zaune yake, yana tari mai kumfa, ƙirjinsa na ƙara kamar ana zuƙar kunu. Ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, yana magana ba kan gado, yana dagewa cewa lafiyarsa ƙalau. Kowanne daga cikinsu yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne, ba a jira gari ya waye.

Kuma ciwon nan bai san ƙarfi ba. Ɗan dambe da ɗan kokawa da ɗan ƙwallo duk yana kayar da su. Sau da yawa ma mai ji da ƙarfi shi ya fi shiga hannu, domin shi ne ke hawa da gudu, bai ba jikinsa damar sabawa ba. Likitocin da suka san harkar suna cewa in ka haura mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kwana uku ko huɗu ka yini guda ba ka ƙara hawa ba. A Kilimanjaro tun 1991 aka hana hawa ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba. Ana rubuta sunanka a ƙofar shiga, ana kuma rubutawa a zangunan da ka yada. Kalmar da 'yan jagora ke nanata wa baƙi da Sawahili ita ce a tafi sannu-sannu, kuma masu ɗaukar kwana bakwai ko takwas sun fi masu kwana biyar kaiwa ƙololuwa. Bahaushe ya riga ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata magana da ta shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta littattafan hawan tsauni, ina roƙon iyaye su kasa kunne. Sikila. Mai ciwon sikila ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne manyan abokan gabarsa, kuma ukun nan duk a kan tsauni suke zaune. Ko wanda jininsa AS ne, wanda ke zaune lafiya a nan bai taɓa jin komai ba, in ya yi sama sosai da gaggawa yana iya samun matsala a saifa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da wannan jini. Saboda haka duk wanda ke shirin zuwa tsauni mai tsawon gaske, ya san ko jininsa na ɗauke da sikila tukuna, ya kuma gaya wa likita inda za shi.

Mu leƙa can ƙarshen abin, wato Everest, a kan iyakar Nepal da Sin. Awon da ƙasashen biyu suka sanar a 2020 ya ba shi mita 8,848.86. Ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary ɗan Niyuzilan da Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa suka fara taka ƙololuwarsa. Tun daga lokacin da aka fara gwada hawansa zuwa yau sama da mutum 300 sun rasu a kansa, da yawa gawarwakinsu na can cikin ƙanƙara, domin sauko da gawa daga can yana iya cin ran masu ɗaukar ta. Daga mita 8,000 zuwa sama mahawa suna kiran wurin yankin mutuwa. Jiki ba ya sabawa da shi, ƙarewa kawai yake yi a hankali, ko da mutum na goye da tukunyar iska.

Takardar izinin hawansa daga ɓangaren Nepal ta daɗe tana kan dala 11,000, daga Satumbar 2025 ta koma dala 15,000, wato sama da naira miliyan 20 a canjin shekarar. Takarda kawai ke nan, ba a zo maganar jirgi da tanti da iska da 'yan jagora ba. Kuɗin garke ne sukutum a kasuwar kara. A 2017 wani ɗan Afirka ta Kudu ya ce shi ba shi da wannan kuɗi, ya sulale ya fara hawa a ɓoye. Aka gano shi, aka karɓe fasfonsa, aka haramta masa hawa tsaunukan Nepal na shekara goma. Ni a ganina gata aka yi masa.

To amma kada wani ya fahimce ni a baibai, ya ɗauka duk mai takarda ya tsira. A 2019 Nepal ta ba da takardu 381. Yanayi ya ƙi kyau sai 'yan kwanaki kaɗan, kowa ya tasam ma ƙololuwa lokaci guda. Duniya ta ga hoton mutane a jere kan wata siririyar hanya, riƙe da igiya ɗaya, kamar layin mai, a wurin da kowane minti iskar tukunya ke ƙarewa. Mutum 11 suka rasu a wannan kakar. Takarda tana sa a san kana can. Ba ta ba ka huhu, ba ta kuma ba ka hankalin juyawa.

Maganar juyawar nan ita ce ta fi taɓa ni, kuma labarin da zan ba ku sananne ne a duniyar mahawa. Rob Hall, shi ma ɗan Niyuzilan, yana cikin ƙwararrun 'yan jagora na zamaninsa, ya riga ya hau Everest sau huɗu kafin 1996. Yana da ƙa'ida: in ƙarfe biyu na rana ta yi ba ka kai ƙololuwa ba, ka juya, ko da kana hango ta. Dalili kuwa, ƙololuwa rabin tafiya ce, sai an sauko da sauran haske da sauran iska. Cikin mutanen da ya ɗauka a shekarar akwai Doug Hansen, ma'aikacin gidan waya daga Amurka, wanda ya yi ta tara kuɗi don wannan buri, kuma a shekarar da ta gabata Hall ɗin ne ya juyar da shi ana gab da isa. Ranar 10 ga Mayu, 1996, ƙarfe biyu ta wuce, Hansen bai iso ba. Hall ya jira shi. Sai wajen ƙarfe huɗu ya kai, ƙarfinsa ya ƙare, guguwar ƙanƙara kuma ta taso. Hall ya ƙi barinsa. Hansen ya rasu, shi kuma Hall ya kwana a sarari cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Washegari aka haɗa rediyonsa da waya ya yi magana da matarsa a gida, tana ɗauke da ciki. A nan inda yake zaune ya cika. Mutum takwas guguwar ta ci.

Ban ba da labarin nan don in zargi mamaci ba. Mutum ne mai amana, da ya so ya tsira shi kaɗai da ya sauko. Amma a fahimtata, ba rashin sani ne ya kai shi ba. Nauyin ido ne, da tausayin ya ce wa mutum koma karo na biyu. Mu Hausawa mun san wannan nauyin sarai. Sau nawa muka bi abokai inda zuciyarmu ba ta kwanta ba, don kada a ce mun ji tsoro?

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, 'yan dako. Duk Baturen da kuka gani yana ɗaga tuta a ƙololuwa, akwai 'yan Sherpa da suka riga shi wucewa suka ɗaura igiya, suka kafa tsani a kan ramukan ƙanƙara, suka goya masa tanti da abinci da tukwanen iska. Akwai wani mashigi mai suna Khumbu, inda tarin ƙanƙara mai girman gidan bene ke motsi yana iya ruftawa a kowane lokaci. Baƙo sau kaɗan yake bi ta nan, ɗan dako kuwa ya yi ta kai-kawo da kaya. Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zaftaro a wurin ta kashe 'yan jagora 16. Abin da gwamnati ta fara miƙa wa kowane gida rufi 40,000 ne, wajen dala 400, alhali takardar baƙo ɗaya ta ninka haka fiye da sau 20. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwarmu ranar Juma'a ya ga masu lodin shanu a tirela, ya san wa ƙaho ke soka, ya kuma san aljihun da riba ke shiga. Saboda haka in Allah ya kai ɗayanmu Gashaka ko Kilimanjaro, ya biya ɗan dakonsa haƙƙinsa cif, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma ji maganarsa in ya ce yau ba a hawa.

[Gajeren kiɗa]

Iyayena alhazai da hajiyoyi, da maniyyatan bana, yanzu da ku nake.

Cikin duwatsun da mutanenmu suka fi hawa a duniya, in ka cire na gida, akwai Jabalun Nur a Makka, inda kogon Hira yake, da Jabalu Saur. Son Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ke kai mutane, kuma ba wanda zai raina wannan so. Tsawon Jabalun Nur bai wuce mita 640 da 'yan kai ba, ƙarancin iska ba ya cikin matsalarsa. Matsalarsa zafi ne, da tsayuwar matakala, da cunkoso. Shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali na hau shi, kuma a tsakiyar hanya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na tarar da wata tsohuwa tamu zaune a kan matakala. Silifas ɗinta ɗaya ya tsinke tana riƙe da shi a hannu, gorar ruwanta ba ko ɗigo, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Na ce, "Hajiya, ina abokan tafiyarki?" Ta ce sun yi gaba, ta ce musu su je tana zuwa. Na ce ina katinki na masauki? Ta ce yana cikin jaka a ɗaki, tsoro take kada ya ɓata. Ba ta san sunan otal ɗin ba, ba ta san unguwar ba. Muka ba ta ruwa, muka sauko da ita a hankali, tana ta ba mu haƙuri wai ta ɓata mana ziyara.

Malamanmu sun sha faɗa, kuma hukumomin can sun kafa alluna a gindin dutsen suna faɗa, cewa hawan Jabalun Nur ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Wanda bai hau ba Hajjinsa bai ragu da komai ba. Zafin ƙasar kuwa ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Makka, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari nasu waɗanda suka shiga aikin ba tare da izini ba ne, suka yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba a kan dutse suka rasu ba, amma darasin ɗaya ne: wanda ba ya cikin lissafi, inuwa da ruwa da agaji ba su san da shi ba. Don haka Baba, in kana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko gwiwa, ka tsaya daga ƙasa ka kalli dutsen ka yi salati, ya wadatar. Mai lafiyar da ya ga lallai sai ya hau, ya bari sai ya gama aikin Hajjinsa, ya fita bayan asuba ko da yamma liƙis, da takalmi mai kama ƙafa, da ruwa isasshe, katinsa a wuya, kuma jami'in alhazansa ya san ya tafi.

Mu dawo gida. Duwatsunmu na Rano da Birnin Kudu da Dutse da Riruwai ba su da ƙanƙara, amma suna da nasu. Tsaguwar dutse gidan kububuwa ne da gamsheƙa, kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. Ba banza ba asibitin saran maciji da ya yi suna a arewa yake Kaltungo, ƙasar duwatsu. In maciji ya sari wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Ƙudan zuma na yin gida a kogo, kuma wanda zuma ta taso wa a kan tsini gudu yake yi ba ya duba ƙasa. In hadari ya haɗo, wanda ya fi kowa tsawo shi tsawa ke nema, a sauko tun kafin ɗigon farko. Wanda ya faɗo yana kukan baya ko wuya, kada a sungume shi kamar buhu, a kwantar da shi a kan katako a miƙe. Ga kuma halin tsaro da muke ciki, wanda ya sa daji kamar Falgore da wasu duwatsun ba a shigarsu sai an tambayi jami'an tsaro da masu gari.

Malaman makaranta masu kai yara yawon buɗe ido, don Allah ku karɓi amincewar iyaye a rubuce, ku tambayi wane yaro ne mai sikila ko asma, ku fara zuwa ku ga wurin da idonku, ku sanar da dagaci, ku ƙirga yara wajen hawa ku ƙirga wajen sauka. Ƙannena masu ɗaukar bidiyo, ku ajiye waya a aljihu sai kun zauna daram, kada ku ja da baya a bakin dutse don hoto ya yi kyau. Ku yanka lokacin juyawa tun kuna ƙasa, in ya yi ku juya, ko da abokai za su yi muku dariya. Kafin ku fita kuma ku gaya wa Inna ko Baba ko Yaya dutsen da za ku, da wanda za ku, da lokacin da za a sa ran dawowarku.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya ji shirin nan ya isar wa wanda bai ji ba, musamman gidan da ke da maniyyaci bana. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa Allah ya tsare mu a tudu da gangare, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]